Laburaren Baba Ya Ƙi Haɗuwa

Litinin, 3 ga Maris

Linka ta sake ƙi. Ita ce ke ɗinke sassan manhaja su zama guda, kuma tun safe magana ɗaya take nanata mini: ba ta ga aikin lissafin ruwan madatsa ba. Yana nan kuwa cikin laburaren, wato tarin ayyukan manhajar, da Baba ya rubuta da harshen kwamfuta na Fortran tun ina yaro, yana aiki a ofis ɗin nan, a kan wannan teburin da nake zaune yanzu. Tawa sabuwar manhajar da harshen C++ na rubuta ta, so nake kawai ta kira aikinsa. Oga ya ce in ba su haɗu ba zuwa ƙarshen wata, a watsar da na Baba a sayo na kamfani. Yana faɗa yana sakace haƙori.

Laraba, 5 ga Maris

Na gyara yadda ake kiran aikin, na sauya jerin laburarorin, na sake gini daga tushe. Ko gezau. Dogo, maƙwabcin teburina, ya ce, "Ka tambayi mai abin mana." Kamar bai san ɓarin jikin Baba ya shanye ba, magana ma sai da ƙyar.

Asabar, 8 ga Maris

Duk da haka na je gida wurin Baba. Na ciro kwamfuta daga jaka na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallo, ya kai hannunsa mai lafiya ya shafa allon, ya faɗi wani abu da ban gane ba. Na maimaita tambayar da ƙarfi, sai ka ce kurma ne. Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, gaishe shi ka zo yi ko aiki ka kawo masa?"

Na fito raina a ɓace. Da wa nake fushi ma? Allah ya yafe mini.

Talata, 11 ga Maris

Yau na yi abin kunya. Na rubuta wani aiki na bogi mai suna iri ɗaya da na Baba, cikinsa babu komai, don kawai linka ta rufe mini baki. Ta kuwa yi shiru, manhaja ta tashi. Oga ya zo wucewa ya gani, ya dafa kafaɗata: "Ashe dai ka gaji tsohon." Ni kuwa ina kallon allo, ko ruwan sama kamar da bakin ƙwarya aka yi, amsar ɗaya ce: kada a buɗe madatsa. Akwai mutane a ƙasan madatsar nan. Na goge aikin bogin kafin a tashi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gano. Layi ɗaya ne can sama cikin tarin saƙonnin da nake wucewa da gudu: linka tsallake fayil ɗin Baba take yi, don an gina shi ne wa irin injinan da. Sai an samo ainihin rubutunsa an sake ginawa. Ofis babu, na duba ko'ina. Yana cikin tsohuwar kwamfutarsa a gida.

Na kira Inna. Ta ce, "Wannan tsohon akwatin? Ai na bai wa masu sayen gwangwan, lokacin da muke nema wa kekensa na marasa lafiya wurin juyawa a ɗaki."

Na yi mata sallama kawai. Ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban je gida ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na rubuta lissafin da kaina, ina gwada shi da sakamakon shekarun baya. Sun yi daidai. Nawa ma ya fi sauri, kuma haushin kaina nake ji da na ji daɗin hakan. Na cire fayil ɗin Baba daga aikin. Dogo yana gefe yana waya, bai ko juyo ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je hannu rabbana. Na yi masa aski, na yanke masa farce, na hannun da ya shanye sun fi tsawo. Ya yi ta kallon kafaɗata inda jaka ke rataya, sannan ya ɗaga mini gira.

Na ce, "Sun haɗu, Baba. Naka yana aiki."

Ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya riƙe yatsana gam. Inna tana bakin ƙofa, ta dube ni, ta kau da kai. Na zauna har ya yi barci, ban duba agogo ba.