Akori-kurar Yaya Bilyamin

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Yau aka danƙa mini makullin akori-kurar Yaya Bilyamin. Matarsa Mairam ce ta miƙo mini a tsakar gidansu a Hausari, kwana uku da fitarta takaba. Ta ce, "Dabo, ga ta nan. Da ita muke ci, ni da yaran nan huɗu. Ka dai san yadda yake riƙe ta."

Na sani. Shekara goma sha shida tana hannunsa, ko sau ɗaya ba a taɓa sauke giyabos ɗinta ba. Ni kuwa tawa wata bakwai ta yi, na kashe mata giya a hanyar Fika saboda lodi. A gaban direbobi a tasha ya ce mini, "Hannunka ba na mota ba ne." Daga nan na ɗauke ƙafa daga gidansa shekara biyu. Har ya kwanta ciwo, har ya rasu, tsakaninmu sai gaisuwar masallaci.

Yanzu ga motarsa a hannun nan.

Laraba, 17 ga Afrilu

Kasuwar shanu. Sawu uku na dusa da harawa, lafiya lau. Sai dai kujera. Yaya dogo ne, ni ba haka ba, shi ya sa na jawo ta gaba shekaranjiya. Da safen nan na tarar ta koma baya. Maƙallin ne ya cinye, ina jin.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ta sake komawa. Na ɗaure ta da waya.

Laraba, 24 ga Afrilu

Alhaji Safiyanu mai hatsi ya ce in kai masa wake Damagum. Yaya ba ya wuce buhu goma sha biyar, kowa ya sani. Na bari aka ɗora ashirin da biyu. Na tayar, na taka kuloci har ƙasa, giya ta ɗaya ta ƙi shiga. Na gwada ta biyu, na gwada ribas, sandar giyar kamar an dasa ta a siminti. Aka rage kaya don a samu a tura ta gefe. Ana sauke buhu na bakwai na taɓa sandar, ta faɗa da kanta, sumul.

Masu lodi suka yi ta dariya, wai motar Bilyamin ta iya ƙidaya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na kai ta wurin Babakura, tsohon bakaniken da ke bayan tasha. Shi yake duba ta tun tana sabuwa. Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin gefen giyabos, ya zura yatsa. Ya daɗe bai fito ba.

"Wa ya canja maka man giya?"

Na ce ban canja ba.

Ya nuna mini yatsan. Mai garau kamar zuma. Ya ce, da Hausarsa ta Barebari, "Wannan mai sati bai yi ba. Rabona da zuba mata tun kafin Babbar Sallar bara."

Ya goge hannu, ya sake gogewa, alhali babu komai a jiki. Sai ya shiga yi mini karatu: kada in kwantar da hannu a kan sandar giya ina tafiya, in ɗauke ƙafa daga kuloci da na gama canji, in tsaya cak kafin in sa ribas, in bar injin ya ɗumama da safe. "Abin da ɗan'uwanka yake yi ke nan. Babu wani asiri."

Ina ja baya ya leƙo ta taga. "Ka riƙa bismillah kafin ka shiga."

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na tambayi Mairam a fakaice. Ta ce makulli yana ƙasan akwatinta duk tsawon takaba, motar kuma tana rumfa a rufe da tamfol. Ta ce me ya faru? Na ce babu.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ban fita ba. Na shiga ƙarƙashinta da kaina, na kwance notin ƙasa, na tari man a kwano. Na duba ko zan ga ɓurɓushin ƙarfe. Tas. Na mayar, na ɗaure.

Ƙila Yaya ya canja da kansa kafin ciwo ya kayar da shi. Mai da bai yi aiki ba ai ba ya baƙi. Haka ne. Haka ne mana.

Alhamis, 2 ga Mayu

Bayan asuba na buɗe ƙofa, sitiyari da sanyi, bonet da sanyi. Na kai hannu kan sandar giya, na ji ɗumi. Ba zafin inji ba. Ɗumin abin da mutum ya ɗauke hannu daga kai yanzun nan. Daidai wurin da tafin hannun Yaya ya cinye robar.

Na karanta Ayatul Kursiyyu sau uku. Na fita aiki, don yara sai sun ci.

Litinin, 6 ga Mayu

Zan rubuta yadda ya faru, ba zan ƙara komai ba.

Gero na ɗauka zuwa Fika, buhu goma sha huɗu. Rana tsaka, kwalta har tana rawa. Ina cikin giya ta huɗu sai sandar ta fita da kanta. Na mayar. Ta sake fita. Na mayar na danne da hannu, sai na ji an ture hannun. Ba karkarwar mota ba ce, na san karkarwa. Turewa ce irin ta wanda yake cewa bari.

Na gangara gefe ƙarƙashin wata kuka. Da na kashe inji na gane wurin. Bai kai tafiyar minti biyu daga inda tawa ta mutu ba.

Babu mota ko ɗaya a hanya. Ko tsuntsu. Na leƙa ƙasa na ga ɗigo a yashi, ɗaya, biyu, a jere har baya inda na fito. Na shiga ƙarƙashi. Notin nan da na kwance waccan Lahadin yana lilo, saura zare ɗaya ya faɗi. Ni ne ban ɗaure shi da kyau ba. Da na ƙara mil biyu, man ya tsiyaye duka, haƙoran giya su ci juna, shi ke nan abincin gida biyu.

Na ɗauko sifana, na koma na kwanta ina ɗaurewa. Ina cikin haka motar ta ɗan nutse ta ɓangaren direba. Sifirin ƙarƙashin motar ya yi ƙara a hankali, kamar in mutum mai jiki ya zauna. Ina kallon ƙasa ta kowane gefe, babu ƙafar kowa.

Ban motsa ba. Gumi yana shiga mini ido. Ban san tsawon lokacin ba.

Sai na ji bakina ya ce, "Yaya?"

Can sifirin ya sake ƙara, motar ta ɗago.

Na fito. Ƙofa a rufe, kujera babu kowa. Na kai geron a giya ta uku, ban kalli gefena ba har Fika.

Talata, 7 ga Mayu

Babakura ya cika man. Labarin noti kawai na ba shi. Ya ce Allah ya rufa asiri, kuma daga yau duk abin da na kwance in sake bi ta kansa bayan sawun farko.

Bayan la'asar na tsaya wurin limaminmu, Malam Joda, na faɗa masa rabi. Ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, in bar wannan tunanin, in yi masa sadaka. Har na miƙe ya ce, "Tun da aka binne shi ka je ka yi masa addu'a?"

Na sa takalmina na tafi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na je maƙabarta da hantsi. Na yi addu'ar da na iya. Abin da na je faɗa ya ƙi fitowa sai guntu-guntu. Na ce gaskiyarka ce. Na ce da na zo lokacin da kake kwance. Iyakar abin ke nan.

Laraba, 15 ga Mayu

Ruwan farko. Na ratsa kududdufin bakin layinmu, don haka da na isa na duba man ko ruwa ya shiga ya yi fari. Lafiya.

Na kwance wayar kujera, tana yaga mini wando. Na bar kujerar a baya. Ƙafata tana kai wa kuloci daidai. Ban san me ya sa na ga kamar ba ta kaiwa da farko ba.

Talata, 21 ga Mayu

Sandar da ɗumi yau ma. Na yi bismillah, na ce ina kwana. Wasa nake.

Litinin, 27 ga Mayu

Na biya gidan Yaya da yamma in sauke musu buhun masara. Ban gama tsayawa ba sai ga Mairam a ƙofar gida, ba takalmi, hannunta duk gari, mayafi a karkace. Ta ganni ta tsaya. Fuskarta ta yi wani iri, sai ta dafa bango.

Ta ce, "Yi haƙuri, Dabo. Tun daga kwanar masallaci nake jin motar. Shekara nawa ina gane shigowarsa da yadda yake sauko da giya, uku, biyu, ya ɗan dakata, sannan ɗaya. Ba wanda yake yin haka. Na manta ne kawai."

Na ce ba komai. Na sauke buhun, na gaisa da yara, ta kawo mini ruwa na sha.

Ban gaya mata ba, daga kwanar masallacin zuwa ƙofar gidan hannuna biyu suna kan sitiyari. Na tuna sarai, don ina kauce wa ramuka ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban ji tsoro ba. Gobe Damagum da sassafe. Zan bar injin ya ɗumama tukuna.