Kunnen Kare Ba Na Sayarwa Ba Ne

Ni, Lindsay Tregear, mai shekara saba'in da huɗu, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Huhuna ne ya lalace, ba kaina ba. Likita ta ce ƙurar da na yi shekara arba'in ina shaƙa a gareji ce ta cinye shi, kuma da wuya in ga ƙarshen sanyin bana. Maganar gida tana wajen lauya, rabi da rabi ne. Wannan takarda taku ce ku biyu, 'ya'yana Warrick da Bronwyn. Raina a ɓace nake rubuta ta, kuma ba zan tausasa ba.

Na ɗaya. Fikafikan da ke rataye a gareji, ɗari biyu da talatin da ɗaya ne, kowanne da lambarsa. Kada a zubar da ko ɗaya. Warrick, dillalin gidajen da ka kawo ran Talata, alhali ina kwance a ɗaki ina jin ku, ya leƙa ya ce, "Wannan tarkacen fa, abokina? Mota ɗaya za ta kwashe?" Ka yi dariya. Na ji dariyar. Shi ban ga laifinsa ba, bai taɓa tsayawa a kan allon hawan igiyar ruwa ba. A ganinsa fiffike ɗan abu ne kamar tafin hannu da ake kafawa a ƙarƙashin allo. Amma kai ka sani shi ne linzamin allon, in babu shi juyi kawai za ka yi ta yi a kan ruwa kamar faranti. Da kuɗin gyaran alluna a garejin nan aka saya maka takalmin makaranta.

Lamba ɗaya da katakon wani ruɓaɓɓen kwalekwale na yanka shi. Ya riƙe ruwa ƙam, amma juya shi sai ka ce juya tirela. Lamba sha tara na gajarta shi, ya miƙe tsaye. Yana juyawa kafin ka gama tunani, sai dai da igiya ta girma zai sake ka, ka tafi a kaikaice. Lamba sittin na huda masa ramuka biyar saboda wani tunani da ya zo mini. Ya yi ta fito a cikin ruwa kamar buta a kan wuta, har mutanen Bakin Dutse, gaɓar da muke hawan igiya, suka shekara suna yi mini fito in na wuce. "Ga mai buta nan! Tsoho, shayin ya tafasa?" Na bar su. Washegari na koma gareji.

Na biyu. Littattafai goma sha ɗaya da na rubuta yadda kowane fiffike ya tafi a ruwa, da iskar ranar, da girman igiya, na Bronwyn ne. Rabin abin da ke ciki daga bakinta ya fito. Tun tana 'yar sha biyar ƙafarta ta fi tawa ji. Takan fito daga ruwa tana ɗiga ta ce, "Baba, wannan rago ne, sai na roƙe shi." Ko ta ce, "Wannan yana da rai, amma maƙaryaci ne." Kuma kullum gaskiyarta ce.

Kada ki ɗauka kin tsira, Bronwyn. Shekara goma sha huɗu ba ki taka gareji ba. Kina zuwa ki kawo mini kifi da soyayyen dankali, ki zauna a baranda kin juya wa teku baya. Ranar jana'izar uwarku Noeline kin tsaya a wancan gefen kabari don kada kafaɗarki ta taɓa ta yayanki. 'Ya'yanku suna haɗuwa a kanti ba su san juna ba. Wannan abin kunya ne, kuma yana ci mini rai fiye da tarin nan.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Lamba ɗari biyu da sha biyu, wanda muke kira Kunnen Kare saboda tsininsa ya lanƙwashe, ba na sayarwa ba ne. Warrick, na san ka ɗauke kwalin awonsa, wanda ake bi a yanka irinsa, daga bango. Na san ka kai wa wani kamfanin birni mai ƙera fikafikai, don mutuminsu ya bugo mini waya yana taya ni murna. "Ranka ya daɗe, sunanka za mu buga a jikin kowanne, dubbai za mu zuba." Na tambaye shi ko sun gwada shi a igiyar da ta fi mutum biyu tsawo. Ya ce injinsu ya gwada. Na kashe wayar.

Ka kira su ka janye. Ka karɓo kwalin.

Na san abin da ka gani a cikinsa, don ni ma shi na gani. Babu fiffiken da ya kai shi daɗi. In ka kwanta cikin juyi sai tsinin ya lanƙwasa, ya tara ƙarfi, sannan ya wurgo ka gaba kamar an harba ka. Amma wannan daɗin daga gindinsa yake fitowa, saboda sirantarsa, kuma nan ne yake karyewa. Ba a ƙaramar igiya ba, inda mutum zai faɗi ya tashi yana dariya. A babba yake karyewa, a bakin duwatsu. Ɗari biyu da sha uku har zuwa na ƙarshe, duk neman maganin wannan nake yi, ban samu ba. In na kaurara gindin, daɗin ya mutu. In na bar shi, zai nakasa ɗan wani.

Yanzu ku saurara, don sau ɗaya zan faɗa.

Ranar gasar hawan igiya ta jiha, lokacin Bronwyn tana da shekara ashirin da biyu, Kunnen Kare ne a allonta. Warrick ne ya ɗaura mata shi da safe. A igiya ta uku ya tsinke, ta faɗa kan dutse, gwiwarta ta dagargaje. A asibiti ta dubi yayanta ta ce, "Ba ka ɗaure shi ba. Ko kallonsa ba ka yi ba, kana can kana hira. Fita." Shi kuma ya ce, "Na ɗaure, wallahi na ɗaure." Ina tsaye a bakin gadon. Ban ce uffan ba.

Ya ɗaure. Ni ne. Ana gobe gasar, da rana, kuna can kuna cin abinci, na shiga gareji na goge gindin da samfefa, na rage masa kauri kaɗan. Ina so in ga yadda zai yi a babbar igiya, kuma na san ranar za a samu babba. Ban gaya miki ba, Bronwyn, don na san za ki ce a'a. Na yi gwaji da 'yata a ranar da ta fi kowace rana a rayuwarta. Da aka tsamo allon na ga guntun da ya rage, na gane nan take. Na cire shi na sa a aljihu. Yana cikin gwangwanin kusoshi a kan taga, ku je ku duba, shatin samfefar yana nan.

Noeline ta gano cikin mako guda. Ta same ni ina shara ta ce, "Lindsay, ka gaya musu ko in gaya musu." Na ce ta ba ni lokaci, yarinya ta warke tukuna. Duk shekara sai ta sake faɗa, duk shekara in ce tukuna. Maganarta ta ƙarshe a kan wannan ita ce, "Kana shiga ruwan da maza ke gudu, amma kai matsoraci ne." Ta rasu tana rufa mini asiri, ba da son ranta ba. Kada ɗayanku ya riƙe ta da wannan.

To ga shi. Na cika takarda ina zagin ɗan da ya ɗauki laifina shekara goma sha huɗu bai taɓa tuhumata ba, da 'yar da na karya wa ƙafa. Fushin da nake yi da ku na gaske ne, ban janye ba, amma mafi yawansa da kaina nake yi, na rasa inda zan sauke shi.

Na huɗu. Warrick, kayan aikina naka ne, da dogon allon nan ja. Hannunka ya fi nawa kyau, ban taɓa gaya maka ba. In kana son Kunnen Kare ya fita duniya, ka gyara shi. Kai kana da hannu, ita tana da littattafan da ƙafar da ke jin ƙaryar fiffike. Ɗayanku shi kaɗai ba zai iya ba, na gwada. Kuma duk wanda za ku ba allo ya gwada, ku gaya masa abin da ke ƙarƙashinsa, ko gogewa ɗaya kuka yi.

Na biyar. Bronwyn, ban roƙe ki gafara ba, ba ni da fuskar roƙo. Amma akwai wanda ke jiran kalma ɗaya daga bakinki, kuma gidansa tafiyar minti shida ce daga naki. Kada ki jira jana'izata.

In an ƙone gawata, tokar a zuba ta a teku a Bakin Dutse, da safe, ranar da iska ke busowa daga tudu. Ba na son jawabi, ba na son masu fiton nan su zo suna cewa ni gwani ne. Gwiwar Bronwyn ba za ta kai ta can ita kaɗai ba, saboda haka ku hau dogon allon tare, Warrick ya tuƙa.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya tsare ku a ruwa da tudu, ya ba ku ƙarfin halin da ya hana ni. Ku riƙe gidan nan, ku riƙe juna. Ku yi fushi da ni iya son ranku, na cancanta. Amma ku yi shi tare, a teburi ɗaya, yaranku suna zaune suna ci.

Mahaifinku,
Lindsay