Burodin da Ba a Murzawa

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun dawo daga asibiti. Likita ya ce gwiwar Maman yara sai tiyata, amma ba zai taɓa ta ba sai ta rage kilo goma. Wai da wannan nauyin, ko an yi aikin wahalar banza ce. Ya jero abin da za ta bari: suga, lemon kwalba, duk wani abin fulawa. Da ya zo kan burodi sai ya ɗago ya dube ni, don ya san sana'ata. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar an aiko mata da saƙon rasuwa.

Shekara ashirin da wani abu ina aiki a gidan burodi, ban taɓa dawowa gida hannu rabbana ba. Kullum da mai zafi nake shigowa. Da shi take karyawa, da shi take shan shayin yamma. Yau a bene sai da ta yi ta hutawa tana dafe da kafaɗata kafin mu kai ƙofarmu. Rabon da ta sauka ƙasa ita kaɗai tun bara.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Burodi dai ai a hannuna yake. In akwai wanda ba ya sa ƙiba a duniyar nan, ni zan gasa mata shi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Auta ta zo daga makarantarsu ta koyon jinya, ta nuna mini wani a waya. Ƙwai uku, cuku mai laushi cokali uku, ɗan ruwan lemon tsami, gishiri. Na ce ina fulawar? Ta ce babu. Yis fa? Babu. Na ce to Auta, wannan ai wainar ƙwai ce ta yi girman kai.

Ta so ta kunna mini bidiyon in ga yadda ake yi. Na ce ta ajiye wayarta. Ni za a koya wa gashi?

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na gwada bayan la'asar. Na shafe kwano da mai kamar yadda na saba, na ware farin ƙwai daga gwaiduwa, na yi ta kaɗawa har kafaɗata ta ɗauki zafi. Kumfar ta tashi kaɗan ta tsaya nan. Na zuba gwaiduwa da cuku, na buga su sosai, na rufe da tsumma na ajiye a gefen murhu don kwaɓin ya tashi. Na je na watsa ruwa. Da na dawo na buɗe, sai na tarar da ruwa tsululu, ɗan kumfa na yawo a sama.

Na gasa shi a hakan. Ya fito kamar tafin takalmi. Maman yara ta gutsira, ta daɗe tana taunawa, ta ce, "Sannu da aiki, Maigida." Wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Oben ɗin gidan nan ne ba shi da kirki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na ƙara masa wuta. Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Ƙwai shida sun tafi a banza.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau ta sa na jawo mata kujera zuwa ƙofar kicin, ta miƙe ƙafar a kan bokiti tana kallona. Tun ban yi nisa ba ta fara. Wai in wanke kwanon tas in goge, ko ɗigon mai kada ya taɓa shi. Na ce a ina ta taɓa ganin an yi gashi ba mai? Ta ce ita dai ta kalli bidiyon da na ƙi kallo. Na yi yadda ta ce don a zauna lafiya.

Ikon Allah. Farin ƙwan ya tashi fari fat, ya yi tsini a bakin abin kaɗawa. Na kifa kwanon a sama, ko motsi bai yi ba.

Na ɗauko cokali zan haɗa, sai ta ce, "Tsaya! Kai fa komai ka kama sai ka murje shi. Wannan ba kwaɓinku ba ne, iska ce a ciki. In ka buga, ta fice." Ta karɓi kwanon ta ɗora a cinya, ta riƙa ɗago na ƙasa tana kifa shi a kan na sama a hankali, tana juya kwanon. Kuma ba a barinsa ya tashi. Ya riga ya gama tashinsa tun a wajen kaɗawa, saura kawai a yi maza a kai shi wuta kafin ya sauka. Ni da na saba kwaɓi yana jirana, wannan ni zan bi shi da gudu.

Cokali-cokali muka zuba a tire, wuta ƙasa-ƙasa. Suka fito shida, launin zinariya, ba nauyi ko kaɗan. Na ɗora ɗaya a tafin hannu, kamar ban riƙe komai ba.

Da ma na kusa gano hakan da kaina.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Hannuna ya zauna. Na lura in ya kwana a rufe a roba ya fi kama da burodi, ƙarnin ƙwan yana raguwa. Na fara barbaɗa masa riɗi a sama, wani lokacin tafarnuwa kaɗan. Ta ci biyu da kifi da ganye. Ban tambaye ta ko ya yi daɗi ba, na san ya yi.

Na daina shigowa da burodin wurin aiki. Dogo, abokin aikina da ke kan injin kwaɓi, ya ga na fita hannu wayam, ya ce ko an kore ni daga gida ne. Da na ba shi labari ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai mai gashin burodi guda ya koma soya kumfa. Bar shi. Tumbinsa ma ya kusa hana shi ganin ƙafarsa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kullum shida, kullum suna fitowa daidai. Kilo goma wasa ne.

Litinin, 10 ga Maris

Mun je awo. Ta hau sikeli, ma'aikaciyar jinya ta duba, ta ce ta sauko ta sake hawa. Kilo ɗaya da ɗan wani abu. Wata guda cur! Likita ya dai rubuta ya ce mu dawo. Mun sha wuya a bene, hawa da sauka, a kan kilo ɗaya.

A mota ta juya fuska tana kallon titi. Ni kuma ina ta lissafi a raina. Abincinta ni nake gani, shinkafar ma ɗan ludayi ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Laraba, 12 ga Maris

Injin kwaɓi ya lalace, aka sallame mu da wuri. Na shigo ba ta ji buɗe ƙofa ba. Na same ta a bakin gado da kofin shayi, da rabin burodi a cinya, tana tsomawa. Ta yi wuf ta tura shi ƙarƙashin filo, amma ina, na riga na gani. Kuma ko daga nesa na gane shi. Namu ne. Naɗin gindinsa ma hannuna ne, ba wanda ke lanƙwasa shi haka a gidan sai ni. Ashe matar maƙwabcinmu ce ke sayo mata a shagon ƙasa duk bayan kwana biyu. Da ɗan gari akan ci gari.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗi maganganu. Na ce ina nan ina kashe kafaɗata a kan ƙwai, ita tana mayar da ni mahaukaci. Na ce in ba ta son tafiya da ƙafarta ta faɗa mini in huta.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Maigida, kai ka san ƙamshin da kake shigowa da shi? Rigarka, gashinka, har hannun da kake miƙo mini wannan kumfar taka da shi. Ka cika cikinka da mai zafi a wurin aiki, ka zo ka zauna kusa da ni kana ƙamshinsa, ka ce in ci iska in gode Allah." Ta kuma ce shida nake gasawa kullum, amma ba ta taɓa ganin na kai ko ɗaya bakina ba.

Na fita baranda na tsaya. Na shinshina hannun rigata. Ni ban ji komai ba, hancina ya daɗe da mutuwa a kan wannan ƙamshin.

Abin haushi, a can ƙasan raina har da ɗan jin daɗi. Duk burodin da ke shagon nan, nawa ta ce a sayo.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tafi aiki da sabulu da riga ta biyu a leda. Na yi wanka a bayan gidan burodi kafin in taho. Dogo ya ce ko zance zan je. Na ce eh, wajen uwar 'ya'yana.

Da yamma na gasa shida, na zauna na ci uku a gabanta. Gaskiya ba ya riƙe ciki kamar namu. Na ce mata ya fi namu daɗi. Ta ce in ji tsoron Allah. Muka yi dariya, karon farko tun ranar awo.

Na sami matar maƙwabci a matakala, na gaishe ta da kyau, na roƙe ta. Ta ce wallahi tausayi ne ya sa. Na ce na sani, a tausaya mata ta wata hanyar.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na ƙara cokali ɗaya na garin kwakwa a cikin gwaiduwar. Ya ba shi jiki, yanzu ana iya tsaga shi a zuba wani abu a tsakiya bai yage ba. Wannan dabarar tawa ce, ba ta cikin wayar kowa. Auta ta ɗanɗana ta ce, "Baba, ka wuce mai bidiyon." Ai da ma.

A wurin aiki na daina gutsirar na farko in ya fito daga wuta. Ba don komai ba, in na ci zan ji kunyar haɗa ido da ita. Da wuya dai. Wajen ƙarfe goma cikina har kuka yake yi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kilo shida. Ma'aikaciyar jinya ta tafa mata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ni ma na hau sikelin da wasa. Ba zan rubuta abin da ya nuna ba, amma na ƙara huda a bel ɗina, don ya yi mini yawa.

Asabar, 10 ga Mayu

Yanzu ita ke ware ƙwai, ni ke kaɗawa, ita ke haɗawa. Ta ce har gobe hannuna da sauran ƙarfi. Muna yi tana ba ni labarin mutanen bene kaf, wa ya tashi, wa ya tare, wa ya sayi firji. Ashe duk shekarun nan haka take da labari? Da in na dawo, ajiye burodi nake yi a tebur in wuce in kwanta.

Litinin, 19 ga Mayu

Goma da rabi. Likita ya cire tabarau ya sake duba takardar, ya ce madalla, ya ba mu rana: huɗu ga watan gobe. Maman yara ta riƙe hannuna a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Auta ta yi ta tsalle a waya.

Na ce musu ai tun farko na faɗa. In na ce zan yi abu, an gama.

An ba ni wata takarda in sa hannu, likita yana karanto abubuwan da kan iya faruwa a wajen aiki irin wannan. Ya ce ba kasafai ba. Na sa hannu. Biron nasu ba ya rubutu sosai.

Talata, 3 ga Yuni

An kwantar da ita da rana. Gobe da safe za a shiga da ita. Sun ce daga yamma ba ci ba sha, kuma mace ce za ta zauna da ita, don haka Auta na can, ni aka ce in tafi gida. Da zan fito ta ce in tabbata na ci abinci, kada in zauna da yunwa. Ta ce in ma burodin gaske nake so in saya a shagon ƙasa, yau dai ba mai kama ni. Tana dariya. Ta rame a cikin rigar asibitin nan, wuyanta duk ya fito. Ni na ramar da ita, da hannuna, don a kai ta ɗakin nan.

Na wuce shagon ban tsaya ba. Na hau bene, na buɗe gida, shiru. Ban san lokacin da na fasa ƙwai ba. Na kaɗa, na haɗa a hankali yadda take yi, na gasa. Sun fito lafiya, babu wanda ya faɗa. Suna nan a tire sun huce, ban taɓa ba.

Auta ta kira ta ce sun yi salla, Mama ta ce a tambaye ni me nake yi. Na ce ina hutawa. Ta ce, "Baba, muryarka fa?" Na ce hayaƙin oben ne.

Likitan ya san aikinsa, kullum yi suke yi. Na faɗa wa Auta haka, na faɗa wa Dogo, na faɗa wa matar maƙwabci. Wata huɗu ina roƙon sikelin nan ya sauka. Ɗazu a mota na ji ina cewa da ma ya rage saura kilo ɗaya.

Allah ka dawo mini da ita.