Muƙamuƙin Jaki a Wuyan Wasila

Damagaram, Janairu 1974

Zuwa ga malamina Mushe Nomau, shugaban lakwal, wato makarantar boko ta Rijiyar Mala.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara. Yaya haƙuri da wannan shekara? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Bayan haka, Mushe, an ba mu aikin ƙarshe kafin a yaye mu daga makarantar horon malamai: kowa ya bayyana irin ajin da yake so ya riƙe. Na kasa haƙuri sai na gaya maka nawa, tunda kai ka fara riƙe mini hannu a kan alli.

Ajina mai tagogi ne gabas da yamma. Akwai randa a bakin ƙofa da murfinta da moɗa, mai jin ƙishi ya sha ba sai ya nemi izini ba. Ba zan jera yara kamar shukar gero ba, zagaye za su yi, kowa yana ganin fuskar kowa. Ruwan wanke allo ba za a zubar ba, kowane yaro yana da dashensa a bayan aji. Da safe mu fara da tatsuniya da Hausa, sai an yi dariya sannan mu shiga Faransanci.

Kada ranka ya ɓaci, Mushe, amma a ajina babu sambol. Muƙamuƙin jakin nan da ake rataya wa wanda aka ji yana Hausa, shi kuma ya yi ta bin 'yan'uwansa yana kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa, ni ba zan iya ba. Ba zan mai da yaro mai farautar ɗan'uwansa ba.

Sai maganar ƙanwata Wasila. Ka san Inno ta bi ayari zuwa Najeriya bayan Sallah. Ta so tafiya da ita, ni na hana. Na ce hanya da nisa ga 'yar shekara bakwai, ga shi lakwal tana dafa dawar taimako da rana. Inno ta yi kuka, na dage, aka bar ta wajen maƙwabciyarmu Iya Kande, wadda ita ma dilo, 'ya'yan anza masu ɗaci, take jiƙawa ta ci. Tukunyarka ce cinta duka, Mushe. Da hutu na zana mata ajin nan a ƙasa da tsinke, ta haddace shi tsaf kamar karatun allo. Na ba ka amanarta.

Ɗalibinka mai biyayya,
Tahiru

Rijiyar Mala, Fabrairu 1974

Tahiru ɗan Inno,

Na amsa gaisuwa. Muna nan da ranmu, waɗanda suka saura.

Na karanta ajinka, na yi dariyar da rabona da ita tun damina. Randa da moɗa! Yaro, rijiyar gari ta koma gaba talatin, mata suna kwana a bakinta su samo laka. Tagogi kuwa mun fi ka, don awaki sun cinye zanar ajin kafin su ma su mutu, iska tana shiga ta ko'ina. Wanda bai sha zafin rana ba shi ke raina inuwa. Kana cin shinkafar gwamnati a birni, kana yi mini dashe a takarda.

Bari ka ji yadda ake riƙe aji. Dawar da kamiyo, motar kayan nan, ya kawo ba ta isar kowa. Dole kullum wasu su kwana da yunwa, kuma ni ba zan nuna ɗan wani da yatsa ubansa ya zo mini da gatari ba. Sai na bar wa sambol zaɓi. Duk wanda aka buga ƙarfen cin abincin rana yana wuyansa, hannunsa ba ya shiga akushi. Da ɗaya ne, yanzu na mai da su uku. Muƙamuƙi ba ya wuya bana, ko'ina ka duba mushen jaki ne. Wallahi tunda nake koyarwa ban taɓa jin Faransanci mai kyau irin na wannan wata ba.

Ƙanwarka kuwa, kai ka cuce ta. Ta ɗaga hannu tsakiyar darasi ta ce da Hausa ba ta gane ba, wai yayanta ya ce a tambaya. Aka rataya mata. Wannan ba komai ba ne, kowa yana ɗauka ya sauke. Ita ta ƙi saukewa. Na ce ta kasa kunne ta kama wani, ta dube ni ido cikin ido ta ce a ajin yayanta ba a yin haka. Yanzu yara sun gano ta. Lokacin hutu sai su kewaye ta su yi ta zuba Hausa son ransu, don sun san ba za ta miƙa ba. Ta zama musu inuwar gawo.

Mako na biyu ke nan. Wuyan ya yi siriri, igiyar ma sai da na rage ta. Ni ban hana ta ci ba, ta kama wani ta ci. In na ɗage mata doka don ƙanwarka ce, gobe da wane baki zan hana ɗan mai kaji?

In tana da zafi a ranka, daga Damagaram zuwa nan ba Makka ba ce.

Malaminka,
Nomau

Damagaram, Fabrairu 1974

Mushe,

Gaisuwa da ban girma. Takardarka ta iso, na kasa cin abinci.

Don Allah, don Annabi, ka cire mata. Na tuba da abin da na rubuta, yarinta ce da rashin sanin duniya. Na je wajen mai kula da mu neman izini, ya ce jarrabawa ta ƙarato, duk wanda ya fita ƙofa kada ya dawo. In aka kore ni yanzu, da me zan riƙe Inno da Wasila gobe? Ka san babu wani namiji a gidanmu sai ni. Da an gama zan shigo kamiyon farko.

In ba za ka iya cirewa ba, to ka kira ta gefe ka gaya mata saƙona. Ka ce Yaya Tahiru ya ce ƙarya ya yi. Babu wani aji irin wancan, ba a taɓa yi ba, wasa nake mata a ƙasa. Ka ce na umarce ta ta kama wani, ko wane ne, ta sauke abin nan ta ci abinci. Tana jin maganata. Amma a gefe, Mushe, a hankali, ita kaɗai.

Ina durƙushe a gabanka.
Tahiru

Rijiyar Mala, Maris 1974

Tahiru,

Gaisuwa. Ka ga yanzu ka fara zama malami.

Saƙonka na isar. Ban kira ta gefe ba, don ni ba na ƙus-ƙus da ɗalibi. A gaban aji na karanta, kowa ya ƙaru, har wurin da ka ce ƙarya ka yi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in sake karanta wurin, na sake.

Akwai Fanta 'yar Modu, wata 'yar ficiciya mai zama kusa da ita. Ita ce take ƙulle 'yar loma a bakin zane ta kai mata bayan aji kullum. Na sani tun farko, na kau da kai, kada ka ɗauka ni dutse ne. Washegarin karatun takardarka, dab da buga ƙarfe, Fanta ta miƙa mata ragowar jiya ta ce, "Ungo." Kalma ɗaya tak. Wasila ta cire igiyar ta zura mata a wuya, ta jawo ta har gabana ta faɗa da Faransanci cewa wannan ta yi Hausa. Babu kuskure ko ɗaya a jimlar, na yaba mata.

Ta zauna a akushi ta ci. Fanta tana tsaye a rana tana kallonta, ita kuma ta ci har ta suɗe hannu. Babu yaron da ya matso kusa da Wasila, ranar ko da Faransanci ba wanda ya ce mata uffan.

Da safe Iya Kande ta zo tana salati, tabarmar Wasila babu kowa. Na sa manyan yara suka bi sawu. Ya fita ta bayan maƙabarta ya hau hanyar kudu, inda ayarin masu gudun yunwa suke wucewa dare da rana. Nan ya shige cikin sawun jama'a, ba mai iya rabewa. Mai gari ya aika ƙauyukan gaba a tambaya. Wasu sun ce sun ga yarinya, amma yau wace hanya ce babu yarinya a kanta?

Ban aika wa Inno ba. Ban san inda take ba, kuma ba ni na ce a bar yarinyar ba.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.
Nomau

Kano, watan Safar, da hannun Malam Sha'ibu mai rubutu a bakin tasha

Ɗana Tahiru,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Ya karatu? Allah Ya yi maka jagora.

Albishirinka, na samu gidan surfe. Matar gidan mai kirki ce, ana ba ni tuwo har ya kwana, ta kuma ce in kawo 'yata mu zauna tare. Ranar da na taho na yi fushi da kai, ka yafe mini. Da na ga yaran da aka binne a hanya, na ce ashe ɗana ya fi ni hankali da ya ce a bar ta.

Ado yaron mota zai biyo ta wajenka, ka haɗa shi da Wasila ya kawo mini ita. Ka ce Iya Kande ta yi mata kitso. Ka yi wa Mushe godiya sosai, Allah Ya saka masa.

Ban san ranar da za su iso ba, don haka duk ranar da motar Damagaram za ta shigo, ina tasha tun hantsi.

Mahaifiyarka,
Inno