Hayaƙin da Bai Ji Hannuna Ba

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da na zaɓa da kaina. Gaisuwa mai yawa daga matarka, wadda ke gida ɗaya da kai amma sai da ta rubuto wasiƙa!

Ka tuna yammar da ka ce in zuba turare a kasko in riƙa wucewa da hannu ta cikin hayaƙin? Ka durƙusa kana ɗauka da waya, kana cewa in sake, in sake, ni kuwa sai murmushi nake, na zaci lallen da aka yi min a Mashi ne ya tafi da hankalinka. Wayyo ni Ikilima! Ashe hannun kake so, ba mai hannun ba. Ka je ka ƙera irinsa a kwamfuta, fari fat, ba lalle ba zobe, saboda masu fim ɗin Kano da suka ba ka aiki. Tun daga ranar nan, ƙeyarka nake gani.

Kada ka ce ban fahimci aikinka ba, na fahimta har na gaji. Kai ka koya min cewa hayaƙin kwamfuta ba ya motsi da kansa, sai an wuce da wani abu ta cikinsa ya tura shi. Na kuma san abin da ke sa tuwona ya huce a gabanka: hannun yana wucewa, hayaƙin yana tsaye ƙiƙam kamar ba a taɓa shi ba. Ka ce saurin hannun ne ya yi yawa, daga wannan hoto zuwa na gaba ya riga ya tsallake, hayaƙin bai ji shi ba. Sai ka ƙara wa na'urar lissafi, ta ɗau zafi tana huci, a ɗauke wuta, ka dafe kai, ka koma farko.

To ni fa, farin watana? Wa zai ƙara maka lissafi ka ji ni?

Ran Talata na tsaya a bayanka na ce makarantar ungozoma ta Katsina ta ɗauke ni. Na ce ran Asabar ake tafiya, na ce wurin Inna Fadila zan zauna sai hutu. Ka ce to, Allah ya sa alheri, idonka bai bar hayaƙin ba. Jiya kuma ka yi tuntuɓe da akwatina a bakin ƙofa, kake tambaya baƙi muka yi? Haba Maharazu! Yau dai sai na kira sunanka. Ina mutumin da yake hawa babur daga Daura cikin ruwan sama don kawai ya ji na ce sannu da zuwa?

Yaya Nana cewa ta yi in kama bakina in hau mota, ai izini ya samu. Ba na so. Wallahi karatun nan ina sonsa kamar raina, amma ba zan tafi da iznin da na sata a bayan ƙeyarka ba. Ka dube ni ka ce je ki, ko ka dube ni ka ce a'a, mu yi rigimarmu mu shirya. In Asabar ta zo ba ka juyo ba, gurbina ya tafi, ni kuma ban san da wane ido zan riƙa kallonka ba. Wannan ne yake ba ni tsoro, masoyina, fiye da rasa makarantar.

Na ɗora takardar nan a kan madannan kwamfutar, don nan kaɗai na tabbata yatsunka za su taɓa. In ka gama karantawa, rufe kwamfutar ka fito tsakar gida. Na hura gawayi, na zuba turaren ranar nan. Zan sake wucewa da hannuna, a hankali wannan karon, yadda ko hayaƙi irin naka zai ji.

Taka a nan, taka a Katsina in ka yarda, taka har ƙasa ta rufe min ido,

Ikilima