Waƙar Rakiyar Gawa a Bakin Mutanen Dutse

Jushi, Sabon Gari

Japheth ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya karatu? Na rubuto ne don in na kira ka a waya, ihu zan yi maka.

Jiya 'yata Christabel ta nuna mini wasan kwamfutar da kuke haɗawa da abokinka Oluwaseyi. A ɗan fim ɗin farko, Mutanen Kogi sun fito fes-fes da 'ya'yansu, ana busa musu sarewa. Sai ga Mutanen Dutse, masu ƙaho da jajayen idanu, suna cinna wa gari wuta. Me zan ji? Muryata, da ta matan zumuntar cocinmu, da tulun da Mama Elizabeth ke bugawa!

Haba Japheth! Waƙar rakiyar gawa ce, ba a rera ta haka kawai. Da ƙyar na shawo kan matan suka rera maka ka ɗauka. Yanzu sun ce na miƙa muryarsu ga aljanu, kuma ran Lahadi za su yanke ko zan ci gaba da ja musu waƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Goggonka,
Keziya

Samaru

Goggo,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki yi haƙuri, ban yi da nufin wulaƙanci ba. Mai wasa yana ɓangaren Mutanen Kogi ne, muna so ya ji tsoron abokan gaba tun farko, kuma ba abin da ke tayar da tsigar jiki kamar tulun nan. Zan cire waƙar yau.

Ɗanki,
Japheth

Japheth,

Ina gaishe ka. Wa ya ce ka cire? Matan sun riga sun ji, cirewa ba za ta wanke ni ba. Su masu ƙahon nan ba sa mutuwa ne? Ba su da iyaye mata? Ka kai waƙar inda ake yin ta.

Allah ya ba ka hankali.
Keziya

Goggo,

Barka da aiki. Mun gyara, na tura a wayar Christabel. Yanzu fim ɗin yana buɗewa ne da Mutanen Dutse ɗauke da gawar yaro, matansu na rera waƙar, kafin su sauko da wuta. Oluwaseyi na ta mita, wai masu gwada wasan sun daina ɗokin yaƙi.

A gaida mutanen gida.
Japheth

Japheth,

Gaisuwa. Mun kalla bayan sujada, kuma sun bar mini jan waƙata, na ji daɗi. Amma Mama Elizabeth ta yi kuka, ta tambayi wanda ya kashe yaron. Christabel ta ce Mutanen Kogi ne, ɓangaren mai wasa. Sai ta ce, to jikanta da ke jiran wasan nan, shi za ka sa ya ƙarasa uwar yaron?

Ka zo ran Lahadi ka faɗa mata da bakinka.

Goggonka,
Keziya