Cibiyar Nataani da Motocin Titinmu

Zuwa ga 'yata Raelene,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya can Tacoma, ke da maigidanki da ɗan jaririnmu Nataani. Ubangiji ya raya shi, ya ƙara miki ƙarfin jiki. Kowace safiya kakarki tana ambaton sunansa idan ta fita addu'a da garin furen masara. Mu nan Arizona lafiya lau, sai gwiwar kakarki da ke damunta, da kawunki Wilbert da har yanzu yake cika bakin zai gyara famfo.

Cibiyar Nataani da kika aiko ta iso, kuma na ga saƙonki cewa in binne ta a shingen tumaki kusa da taki, kamar yadda mu ƙabilar Nabaho, 'yan asalin ƙasar nan ta Amurka, muka gada, don yaro ya san gidansu, zuciyarsa ta riƙa jawo shi. Na daɗe ban yi ba. Shingen nan da kika sani dab da titi, yanzu ta gabansa manyan motoci ke wucewa da sharar nukiliya zuwa inda ake binne ta. Kwanakin baya tayar ɗaya ta fashe, motar ta yini tsaye a bakin shingen, tumaki na kiwo a gefenta. Wasu mutane suka zo da na'urar awo mai kukan gyare, suka zagaya, suka ce babu abin da ya tsiyaya, mu kwantar da hankalinmu. Wilbert ya ce musu to madalla, su zauna a yanka musu rago mana, sai kowa ya tuna yana da sauri. Wataƙila gaskiyarsu ce. Amma haka aka ce wa babanki a ramin haƙar ma'adinin yuraniyam, kuma kin ga yadda tari ya ƙarar da shi. Gubar abin ba ta wari, ba ta da launi, to da me zan gane?

Na so mu tashi, Raelene, tsoro nake ji ƙwarai. Amma ƙasar ba ta sayuwa, izinin kiwonmu na nan ne kaɗai, titin kuwa ba namu ba ne balle mu rufe. Da na yi wa kakarki maganar, cewa ta yi in kwashe tsummokarana in tafi, ita tata cibiyar ta riga kwalta zuwa wurin nan, mota ce baƙuwa. Ta ce kuma in daina ajiye cibiyar yaro a gwangwanin shayi kamar maɓalli, in ba so nake ya girma yana bin duniya yana neman abin da bai san ya ɓace masa ba. Na ce mata in na binne, ai na ɗaure shi ke nan a bakin titin nan. Ta ce duk a ɗaure muke, ni Marlinda ma wa ya taɓa kwance ni?

Jiya na binne ta. Na zaɓi can ƙarshen shingen, nesa da titi gwargwadon iko, ko da yake kin san shingen ba wani girma gare shi ba. Ina mayar da ƙasa wata motar ta wuce, na ji girgizarta a tafin hannuna.

Kin rubuta cewa za ki kawo shi da bazara kakarki ta ɗauke shi. Ban taɓa riƙe jikana ba, kuma babu abin da nake so kamar haka. Amma ina roƙonki, kada ki kawo shi. Cibiyarsa ta zo gida, ta ishe mu.

Kakarki da Wilbert suna gaishe ku, ba su san na rubuta wannan ba. Ki gaida maigidanki Darrell da surukarki.

Mahaifiyarki,
Marlinda